Dakoro: Majinyaci na Zaure, Kunnensa na Hanya

Dakoro gari ne na mahaɗa. Daga kudu hanyar Maradi ke shigowa ta ƙasar Kornaka, ɗauke da hatsi da hajar Najeriya. Daga arewa Fulani da Buzaye ke gangarowa da bisashe daga fadamar Tarka da Bermo. Ɗan kasuwan da ya saba da wannan kai-da-komo, ranar da likita ya yi masa aiki ya umurce shi da zaman gida, ba zafin ɗinki kaɗai ke damunsa ba: kasuwa ba ta jiran mai jinya.

A nan ne dubiya ke nuna amfaninta. Abokan fatauci, in sun sauka tasha, sukan biya ta zaurensa. Bayan "sannu da jiki, Alhaji", sai labari: yadda naira ta kwana gaban sefa a Jibiya, kuɗin rago a kasuwar Sakabal, inda ruwa ya ɓata hanya. Waɗanda suka yi nisa, Kano ko Agadas, sukan aiko da murya ta salula, har da hoton kaya. Mai fitowa daga Gadabeji kuwa yakan ɗebe masa kewa da zancen raƙuman dawan da aka kawo daga Kure a 2018.

Da waɗannan labaru majinyaci ke yanke shawara: ya sayar da waken da ya ajiye ko ya dakata, ya aiki yaronsa ko ya riƙe kuɗinsa. Wanda abokai suka bari ba labari yakan miƙe ya tarar jarinsa ya fi jikinsa ramewa. Zumunta a ƙafa take. Ga falke kuma, har da dukiya.