Kwamfutar da ba ta aikin komai amma tana zafi: abin da na gano a tawa



Yanzu matasanmu da yawa da kwamfuta suke neman abinci. Wani yana haɗa bidiyon biki, wani yana buga wa ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Mubi da na Jami'ar Jihar Adamawa ayyukansu, wani kuma zanen kati da fosta. Yawancinmu kwamfutar tebur ta hannu muke iya saya, kuma idan ta mutu ba mu da wata. Shi ya sa na ga ya dace in faɗi yadda na bi diddigin zafin da tawa ta riƙa yi, ko wani zai amfana kafin bazara ta kankama.

Furosesan da ke cikin tawa Intel Core i5-2500K ne, wanda ya fito a 2011. Kamfani ya sa masa gudun 3.3 GHz, yakan kai 3.7 idan aiki ya matsa. Harafin K na ƙarshen sunan yana nufin an bar ƙofa a buɗe ga mai son ƙara masa gudu, abin da yara ke kira obakulok. Wanda ya sayar mini ya riga ya kai shi 4.5, kuma don haka ma na saye ta, saboda bidiyo yana saurin fita. A watan Disamba na ɗauko ta, ana tsakiyar hunturu, ban ji ko tari ba daga gare ta.

Da Maris ya shiga sai labari ya canza. Fanka ta fara kuka kamar injin markaɗe tun daga kunnawa, alhali ban buɗe komai ba. Na sa manhajar Core Temp, sai na ga digiri 63 zuwa 65 a zaune. Idan na sa bidiyo ya fara fita, sai ya haura 90. Iyakar wannan furosesa 98 ce, daga nan yake rage gudu da kansa don kada ya ƙone. A lokacin ina riƙe da bidiyon bukukuwa uku, biyu an riga an ba ni kafin alƙalami. Ga kuma batirin sola da ya daina kai ni ƙarfe goma na dare. Duk zafin da kwamfuta ke fitarwa wuta ce ta sha, mu kuma nan kowane wat da kuɗinsa.

Abu na farko da na yi shi ne auna ɗakin kansa. Wannan ne abin da masu kallon bidiyon Turawa a YouTube suke mantawa. Bature zai nuna maka furosesansa yana digiri 30 a zaune, amma ɗakinsa bai wuce 21 ko 22 ba. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗaki kawai take turawa kan ƙarfe, don haka ba yadda za a yi furosesa ya fi ɗakin sanyi. Shagona rufin kwano ne, da azahar ma'auni ya nuna 38. Furosesan da ke hutawa da kyau yakan ɗara zafin ɗaki da digiri 10 zuwa 15. Ke nan da na ga 50, da ban damu ba. Amma 65 a ɗaki mai 38 tazarar 27 ce, akwai abin da ke faruwa. Tazarar nan ita ce abin dubawa, ba lambar kaɗai ba.

Na ɗauko littafi na ce duk abin da na taɓa zan rubuta, kuma abu ɗaya zan canza a lokaci guda. Wanda ya canza abu biyar tare, ko ta gyaru ba zai san abin da ya gyara ta ba.

Na fara da tabbatar da cewa da gaske hutawa take. Sau da yawa akwai abin da ke aiki a ɓoye: Windows tana sauke sabuntawa, ko manhajar kashe ƙwayar cuta tana bincike, ko kuma wata muguwar manhaja da ta biyo filashin kwastoma tana haƙar kuɗin intanet da wutarka. Na buɗe Task Manager na zuba ido minti goma. Aikin furosesa bai wuce kashi 2 zuwa 3 cikin 100 ba. To, ba daga nan ba ne.

Sai ƙura. Kowa ya san abin da hunturu ke yi wa kayan ɗaki a ƙasar Mubi. Na zare wuta, na buɗe murfi, na tarar da ƙura ta yi tabarma tsakanin haƙoran ƙarfen sanyaya. Na fitar da ita waje na hure da abin hura iska, ina riƙe da fiffiken fanka da yatsa don kada iska ta juya ta fiye da ƙima ta lalace. Da na mayar na kunna, zafi ya sauko zuwa 59. An samu sauƙi, amma da saura.

Na uku shi ne man da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya. Aikinsa cike ƙananan ramukan da ido ba ya gani, don zafi ya ratsa. Da na ɗaga ƙarfen, sai na ga man ya bushe ya tsattsage kamar laka a bakin kogin Yedzaram da rani. Na shiga cikin garin Mubi na sayo sabo wajen masu kayan kwamfuta, na goge tsohon da sifirit da ƙyalle mai tsabta, na ɗiga kamar ƙwayar wake a tsakiya, na ɗaure kusoshin huɗu a gicciye, kaɗan-kaɗan, har suka zauna daidai. A nan zan roƙi 'yan uwa: kada a sa makilin a madadinsa. Na ji ana ba da wannan shawara. Kwana kaɗan yake bushewa, ruwan cikinsa kuma ba abokin kayan wuta ba ne. Bayan sabon mai na samu 55.

Har yanzu tazarar 17 ce, kuma fanka ba ta yi shiru ba. Sai na buɗe CPU-Z, a nan na ga asalin ciwon. Kwamfuta ba ta yin komai, amma gudu yana tsaye cak a 4.5 GHz, ƙarfin wuta kuma a bolt 1.38, ba ya motsi. Kamar babur ne a fake a gindin bishiya, an murɗe masa totur har ƙarshe an ɗaure da roba. Ba ya zuwa ko'ina, amma mai yana ƙonewa, inji yana gasuwa.

Intel ta sa wa waɗannan furosesoshi dabarar da ake kira SpeedStep, da matakan barci irin su C1E da C3 da C6. Idan ba aiki, wannan furosesa yakan sauko zuwa 1.6 GHz, wutar da yake sha ma ta ragu zuwa wajen bolt 1. Masu ƙara gudu da yawa suna kashe su a BIOS, su kafe wuta a lamba ɗaya, don ya fi sauƙin daidaitawa. A ƙasar sanyi ba a cika jin illar ba. A nan kuwa jiki magayi. Kuma wuta ta fi gudu haifar da zafi, domin zafin yana hauhawa ne da ninkin ƙarfin wutar a kansa: ka ƙara wuta da kashi 15 cikin 100, zafi ya ƙaru da kusan kashi 32.

Na ɗauki hoton kowane shafin BIOS da waya kafin in taɓa komai. Na kunna SpeedStep da C1E, na mayar da wuta daga kafaffiya zuwa tsarin Offset, wanda ke barin ta ta hau ta sauka tare da aiki. A cikin Windows kuma na tarar tsarin wuta yana kan High performance, na mayar da shi Balanced. Da ta tashi, CPU-Z ya nuna 1.6 GHz, zafi ya zauna a 48 zuwa 49 a ɗaki mai 38. Fanka ta yi lakwas.

Saura zafin lokacin aiki, wanda shi ne mai kisa. Na gwada da Prime95 na awa ɗaya, a 4.5 yana taɓa 86 da rana. Na sauke gudu zuwa 4.2, na rage wuta kaɗan, ya tsaya ƙasa da 78. Bidiyon da ke fita a minti 40 ya koma kamar 43. Na yarda da wannan ciniki, minti uku ba su kai kuɗin furosesa da allon uwa ba. Na kuma ɗaga akwatin daga ƙasa na ɗora kan benci, na janye shi daga jikin bango, manyan ayyuka kuma na mayar da su bayan isha'i ko da asuba. Bidiyon nan uku duk sun isa hannun masu su a kan lokaci, batiri kuma ya koma kai ni inda ya saba.

Yanzu tsarina biyu ne a ajiye a BIOS: 4.5 na hunturu, 4.2 na bazara daga Maris har ruwa ya sauka. Ƙura kuwa duk wata biyu nake hurewa, sabon mai sau ɗaya a shekara.

Duk wanda zai sayi kwamfutar da aka ce masa an ƙara mata gudu, ya sa a buɗe masa CPU-Z tun a shago, ya bar ta minti biyar ba aiki. Idan lambar gudu ba ta sauko ba, ya san akwai gyara a gabansa kafin Afrilu. Wanda kuma bai saba da BIOS ba, ya nemi wanda ya sani ya zauna kusa da shi, kada kunya ta ja masa asara.

Allah ya sa albarka a sana'o'inmu, ya kare mana kayan neman abincinmu. Amin.