Kada Ku Yar Da Tsohon Alƙalami

Zuwa ga Edita,

 Ina roƙo ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini, in yi magana da 'yan'uwana akawuna da malamai a kan wani abu da aka raina yanzu, watau alƙalami mai shan tawada.

Ni mutumin ƙasar Kura ne. Mahaifina, Allah ya ji ƙansa, malamin haraji ne a zamanin En'e. Da aka zo rabon gado, a cikin abin da ya faɗo mini har da alƙalaminsa, Parker 51, irin wanda aka fara fitarwa a Amurka cikin 1941. Bakinsa na zinariya ne, yana ɓoye, ɗan tsininsa kaɗai ke leƙowa.

Da aka gama madatsar ruwa ta Tiga cikin 1974, ruwa ya biyo babbar magudana ya iso Kadawa da Kura da Bunkure, noman rani ya kankama, ga alkama, ga shinkafa, ga tumatir. Manoman ƙauyenmu suka ba ni riƙon littafinsu. Da wannan alƙalami na rubuta sunan kowa, da yawan ekarsa, da ranar ban ruwansa.

Ran nan tawadata ta kwalba ta ƙare, ga aiki ya taru. Na ce ai tawada duk tawada ce, na ɗebo ta kurtun wani malami maƙwabcina na ɗura. Ashe rashin sani ya fi dare duhu. Kafin kwana uku alƙalami ya ƙi rubutu ƙememe. Na girgiza shi, na hura, a banza. Sai na jefa shi ƙasan akwati na sayi biro. Ya shekara ashirin a nan, kullum na buɗe akwatin sai kunya ta kama ni, ga amanar uba na lalata don gaggawa.

Abin da ya farkar da ni, wata shekara ƙaramar magudanar gonakinmu ta cushe da laka da ciyawa. Ruwa maƙil a Tiga, amma tumatirin masu gonakin ƙarshe yana yaushi. Muka yi gayya muka yashe ta, nan da nan ruwa ya gudu. Ina tsaye da shebur sai zuciyata ta ce, to, ba cutar alƙalamin nan ke nan ba?

Lalle kuwa haka ne. Cikin alƙalami madatsa ce. Daga nan akwai 'yar hanya siririya kamar gashi wadda ke kai tawada baki, iska kuma tana komawa ciki ta maye gurbinta. Tawadar malamai da baƙin tukunya ko gawayi ake yinta, a haɗa da ƙaro. Ba ta da laifi ga allo da alƙalamin gamba, amma in ta shiga wannan hanya, ƙaron ya bushe, sai ya liƙe ta. Na koma gida na jiƙa bakin cikin ruwan sanyi mai tsabta, ina sakewa safe da yamma. Ran kwana tara na ɗura tawadar Quink, na aza shi a takarda, sai ga sunan mahaifina ya fito raɗau. Ban san sa'ad da hawaye ya zubo mini ba.

Tun daga ran nan nake neman irinsu wajen magada da 'yan gwanjo. Yanzu ina da goma sha ɗaya. Akwai Pelikan na Jamus, wanda ake murza gindinsa ya zuƙi tawada, dabarar da suka fito da ita cikin 1929. Akwai kuma Hero na Shanghai ta ƙasar Sin, mai kama da na mahaifina.

Ga abin da na koya, ko wani ya amfana. Kada a zuba masa tawadar kurtu. A wanke shi da ruwan sanyi wata wata, ban da ruwan zafi, don yana tanƙwara jikin na dā. Da hunturu a riƙa rufe shi da zarar an ɗaga hannu, saboda ƙura da bushewa. Kada a bar shi a rana, gama zafi na sa 'yar jakar roba da ke cikin waɗansu ta ƙandare ta farfashe, ko da yake ana iya sake ta. Kada a danna shi kamar biro, nauyinsa ya isa. In za a ajiye shi da daɗewa, a zubar da tawadar tukuna.

Ban ce biro mugun abu ba ne. Tun da kamfanin Bic ya fito da nasa mai araha cikin 1950 talaka ya sami sauƙi. Amma biro in ya ƙare yar da shi ake yi, ban taɓa jin an ci gadonsa ba. Jiya jikana ya rubuta darasinsa da alƙalamin kakan ubansa.

Saboda haka, 'yan'uwa, ku duba akwatunan iyayenku. Da tsohuwar zuma ake magani. Allah ya sa mu riƙe amana, amin.

Haza wasalam.

Ni ne naka,
Tsohon Akawu, Kura.