In Tsohon Ɗan Ƙwallo Ya Buɗe Baki

A tarbiyyar da muka tashi da ita a Ƙofar Dumi, cikin birnin Bauchi, akwai mutanen da ba a ɗaga wa murya a bainar jama'a ko da sun yi maka ba daidai ba. Mahaifi yana ciki, malamin da ya koya maka karatu ko sana'a yana ciki, haka kuma ubangidan da ka ci abinci a ƙarƙashinsa. In abin ya dame ka ƙwarai, sai ka nemi wani dattijo ka kai masa kuka a zaure, shi kuwa ya san ta inda zai ɓullo wa maganar. Wanda ya tsallake wannan hanya ya kai maganar ubangidansa kasuwa, to, sunansa butulu, kuma da wuya ya wanke kansa daga wannan suna har ya koma ga Mahaliccinsa.

Da wannan ma'auni ne dattawan majalisarmu suka auna Cristiano Ronaldo a watan Nuwamba na 1444 Hijira, watau 2022, sa'ad da ya zauna gaban wani ɗan jaridar Ingila mai suna Piers Morgan ya fayyace abin da ke cikinsa game da kulob ɗin Manchester United. Ya ce ba ya ganin girman mai koyar da su, Erik ten Hag, domin shi ma bai ga nasa girman ba. Ya ce iyalan Glazer, attajiran Amurka masu kulob ɗin, ba su damu da shi ba, kuma tun da Sir Alex Ferguson ya ajiye aiki a 2013 babu wani ci gaba da aka samu, hatta a wurin motsa jiki. Ran 22 ga watan, ana tsakiyar gasar cin Kofin Duniya a Ƙatar, aka raba gari tsakaninsa da kulob ɗin, daga baya ya tafi Al-Nassr ta Saudiyya.

Mako guda cur ba mu da wata hira sai wannan. Wani dattijo a cikinmu, wanda bai taɓa shiga gidan kallon ƙwallo ba amma rediyonsa ba ya rabuwa da kunnensa, ya ce yaron nan ciki ne, mai manta kyautar jiya, don a wannan gida ne aka ɗauko shi daga Lisbon yana ɗan shekara 18 aka mai da shi mutum. Samari kuma suka ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin dariya, wannan karin magana ta zama gaskiya ƙuru-ƙuru, domin a watan Mayu na 2024 duniya ta kalli ruwan sama yana kwarara ta rufin filin Old Trafford kamar indararo.

Ni dai a wurina maganar Ronaldo kashi biyu ce, kuma kuskure ne a ɗaure su da igiya ɗaya. Abin da ya faɗa kan masu kulob yana da tushe. Iyalan Glazer da bashi suka sayi kulob ɗin a 2005, suka kuma ɗora masa nauyin bashin, magoya baya sun yi shekaru suna zanga-zanga a kan haka, kuma a ranar da aka sallami Ronaldo ɗin ne suka ba da sanarwar cewa suna neman masu saye ko masu zuba jari. Amma abin da ya faɗa kan mai koyarwa, wannan kam fushi ne. Wata guda kafin hirar, a wasansu da Tottenham, an ce ya shiga fili ya ƙi, ya fice kafin a tashi. Ɗan wasan da ya yi haka ya riga ya zubar da hujjarsa, ko da kuwa an kori ten Hag ɗin a watan Oktoba na 2024. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

To amma fa Ronaldo bai yi hasarar komai ba. Ya bar dukiya ya tarar da wadda ta fi ta. Wanda nake tunawa duk sa'ad da irin wannan magana ta taso shi ne wani maƙwabcinmu da yara da manya suke kira Kyaftin.

Kyaftin ya girme ni, Yaya nake ce masa. A shekarun 1980 ya buga baya a wani kulob na wani attajiri, a wani gari da ba Bauchi ba. A zamanin nan kulob ɗin attajiri kamar dokin hawan Salla yake, abin ado ne da neman suna. In an ci wasa, Alhaji zai sa hannu a aljihu ya raba kuɗi a bakin fili, ya saya wa wannan keke ya saya wa wancan rediyo. In ba a ci ba, albashin ma sai a yi wata biyu ba a ji ɗuriyarsa ba. Babu takarda tsakaninsu, sai dai "ai ku 'ya'yana ne". Su ma 'yan wasan Baba suke ce masa, suna durƙusawa su gaishe shi.

Wata rana gwiwar Kyaftin ta kumbura ana saura kwana biyu babban wasa. Ya ce ba zai iya ba. Mai koyar da su ya ce Alhaji ya gayyato baƙi, dole ya buga. Aka yi masa allurar kashe zafi, aka naɗe gwiwar da bandeji, ya shiga. Kafin a tafi hutun rabin lokaci aka fito da shi a ɗauke. Alhaji ya aiko da kuɗin mota da ɗan abin da ba a rasa ba, aka kawo shi gida wurin mai ɗori, alhali kuwa ciwon ba karaya ba ne, jijiya ce ta tsinke, aikin asibiti take so. Albashinsa na wata huɗu da ya rage bai sake jin labarinsa ba. Tun daga ranar yake ɗingishi, kuma da faci ya riƙe iyalinsa.

Fiye da shekara 30 bai ce uffan ba. Sai wata rana wani mai shirin wasanni a gidan rediyo ya gayyace shi don ya ba da tarihi, ya tambaye shi me ya raba shi da ƙwallo da ƙuruciyarsa. Kyaftin ya faɗi abin da ya faru tiryan-tiryan. Bai yi zagi ba, amma ya ambaci sunan kulob, ya ce mai koyar da su ya sayar da ƙafarsa don ya faranta wa mai gida rai, mai gidan kuma ya yar da shi kamar ɓawon rake.

Washegari zaurensa ya cika. Wani kawunsa ya ce, "Haba ɗana, da girmanka da furfurarka? Mutumin da ya saya maka keken da ka fara hawa a duniya, shi za ka kai gidan rediyo?"

Kyaftin ya sunkuyar da kai ya ce, "Kawu, keken na gode. Amma da wace ƙafa zan tuƙa shi?"

Wasu suka ce in da gaskiya gare shi, me ya hana shi magana tun a lokacin? Mai yin wannan tambaya bai san yadda harkar take ba. Ɗan wasan da yake cikin kulob, abincinsa a hannun mutum biyu yake. Mai koyarwa shi ke rubuta sunayen waɗanda za su buga, in ya ga dama ya zaunar da kai a benci har jama'a su manta da kai. Mai kulob kuwa shi ke riƙe da takardar sallamarka, in bai sa hannu ba babu kulob ɗin da zai ɗauke ka. Saboda haka talakan ɗan wasa ba shi da bakin magana sai ranar da ya rataye takalmi, ranar nan kuwa sai a ce ya makara, ko a ce hassada ce ta tsufa. Yaushe ke nan aka yarda ya yi magana?

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da ya biyo baya. Bayan kamar mako uku sai ga tsohon mai koyarwar nan ya zo Bauchi da kansa, a motar haya, da sanda a hannu, idonsa ɗaya ya tafi. Ina wurin aka yi masa iso. Kyaftin ya miƙe da ƙyar ya ba shi buzunsa, ya koma ƙasa ya zauna, ya ce, "Malam, sannu da hanya." Tsohon ya ce bai zo faɗa ba. Ya ce maganar allura gaskiya ce, kuma ta daɗe tana hana shi barci. Sa'an nan ya ce a daren nan an gaya masa in Kyaftin bai buga ba ya tattara kayansa, ga shi da mata biyu da 'ya'ya tara. Shi ma, in ji shi, da aka rushe kulob ɗin yana bin albashin wata bakwai, har yau. Suka ci tuwo tare, Kyaftin ya raka shi tasha, shi ya ma biya masa kuɗin mota.

Ban ce wannan ya wanke tsohon ba, don ƙafar dai ta riga ta tafi, kuma shi ne ya san haɗarin fiye da yaron da aka yi wa allura. Amma ya nuna mini cewa a ƙasarmu mai koyarwa sau da yawa shi ma bara ne, bambancinsu da ɗan wasa usur ɗin da ke wuyansa. Yana da haƙƙin malami a kan almajirinsa, kuma ya cancanci a fara samunsa a zaure kafin a je rediyo. Mai kulob kuwa ba malami ba ne, ba kuma uba ba ne, ko da an kira shi Baba. Mutum ne da ya ɗauki ma'aikaci, kuma addininmu ya yi umurni a biya ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. Neman wannan lada ba ya cikin butulci.

Ba na mance alherin attajiran da suka riƙe ƙwallo a ƙasar nan da aljihunsu. Mighty Jets ta Jos, wadda Alhaji Isyaku Ibrahim ya ɗauki nauyinta, ita ta fara cin gasar ƙasa a 1972. Abiola Babes ta ci Kofin Ƙalubale a 1985 da 1987, Leventis United kuma a 1984 da 1986. Amma waɗannan biyun na ƙarshe, kafin 1990 babu su. Kulob ɗin da ke tsaye kan ra'ayin mutum ɗaya, ranar da ya gaji ranar ya mutu, 'yan wasa kuma kowa ya kama gabansa.

Yanzu galibin manyan kulob na Arewa na gwamnatocin jihohi ne, kamar Kano Pillars da Katsina United da namu Wikki Tourists, wanda aka kafa a 1991 aka sa masa sunan ruwan ɗumin nan na Yankari. Wikki ta ɗauko mana Kofin Ƙalubale a 1998 bayan ta doke Plateau United da bugun fenariti, ta zo ta uku a gasar ƙasa a 2016 a hannun Abdu Maikaba, shekarar da Godwin Obaje ya fi kowa cin ƙwallo, ta faɗa rukuni na ƙasa a 2023, ta kuma dawo a 2025. To, mai karatu, in kulob na gwamnati ne, wane ne ubangidan? Kuɗin baitulmali ne, watau kuɗina da naka. Tsohon ɗan wasan da ya fito ya ce ga yadda ake tafiyar da irin wannan kulob a ko'ina cikin ƙasar nan, rahoto yake kawo wa masu dukiya, kuma kamata ya yi a saurare shi a bincika. Sau nawa jaridu suka kawo labarin 'yan wasa a wasu jihohi sun tare ƙofar gidan gwamnati suna neman albashin watanni?

Har manyan ma ba su tsira ba. A watan Agusta na 2025, wajen jana'izar Peter Rufai, golan da ya tsare wa Nijeriya raga a Kofin Duniya na 1994 da 1998, Taribo West ya tashi cikin ɓacin rai ya zargi hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa da yin watsi da tsofaffin 'yan wasa, ya kuma tuna wa jama'a Rashidi Yekini, haifaffen Kaduna, wanda ya ci mana ƙwallon farko a Kofin Duniya, ya rasu a 2012 cikin kaɗaici a Ibadan. Aka yi ta sukar Taribo cewa wurin makoki ba wurin wannan magana ba ne, wasu kuma suka ce 'yan wasan da suka samu kuɗi a Turai su ya kamata su yi wa kansu tanadi. Akwai ƙamshin gaskiya a nan game da waɗanda suka je Turai. Amma wanda bai taɓa wuce filin wasa na Abubakar Tafawa Ɓalewa ba, daga cikin albashin da ba a biya ba zai yi tanadin?

Kyaftin yanzu shi ke koyar da yaran unguwa da yamma, a wani fili mai tsakuwa da raga ta gora. In wani kulob ya zo neman yaro, ba ya bari a tafi da shi sai an kawo takarda, a kira uban yaron, a samo wanda ya iya Turanci ya karanta musu ita layi-layi, musamman wurin da ya ce wa zai biya asibiti in an ji ciwo. Kulob biyu sun fasa ɗaukar yaransa saboda wannan, har uban ɗaya daga cikin yaran ya daina gaishe shi.