Makarantar Kurame Ta Cikin Waya

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka sam mini ɗan fili in gaya wa 'yan'uwana malamai irin aikin da nake yi, gama da yawa in na faɗa musu sai su zaci wasa nake.

Ni malamin kurame ne, amma makarantarmu ba ta da zaure, ba ta da allo. Ta intanet muke karatu. Ina zaune a ɗakina, almajiraina bakwai suna gidajen iyayensu, wani a Gusau, wani a Azare, kowa na duban ɗan'uwansa a fuskar waya. Mun soma ne a 2020, sa'ad da aka rufe makarantu saboda cutar korona, har yau ba mu bari ba.

To, jama'a, mai ji da kurma ba ɗaya suke ba a irin wannan makaranta. In intanet ta yi rauni, hoto shi ke fara daskarewa, murya ta wuce abinta. Mai kunne bai yi hasarar kome ba, kurma kuwa an yanke masa magana a tsaka. Kuma maganar hannu ba a hannu kaɗai take ba, da ɗaga gira ake yin tambaya. Saboda haka kafin karatu sai na ga kowane yaro ya jingine wayarsa, fuskarsa da hannuwansa biyu sun fito, yana fuskantar haske, ba ya ba ƙofa baya ba. Ga shi hoto ya fi murya cin kuɗi, iyayensu kuwa ba mawadata ba ne.

Amma ga abin da ya sa na riƙe aikin. Alamun da ake koyarwa a makarantun kurame na ƙasar nan asalinsu na Amurka ne. Wani baƙar fata kurma, Andrew Foster, shi ya kawo su, ya buɗe makaranta a Gana a 1957, sa'an nan a Ibadan a 1960. Kuramen ƙasar Hausa kuwa suna da tasu maganar hannu tun kaka da kakanni. Sai ka ga yaro ya komo hutu daga makarantar kwana da harshen da uwarsa ba ta sani ba, ya zama baƙo a ɗakin da aka haife shi. Yanzu kuwa makaranta ce ta shigo gida. Uwa tana tsince shinkafa a bayan ɗanta, tana satar kallo. Wata daga cikinsu wata huɗu kaɗai ta yi ta iya haruffa 26 da yatsu, har ita ta ba mu shawarar yadda za mu nuna ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda Turanci ba shi da su. Kowace ranar Alhamis yanzu darasin iyaye ne.

Roƙona ga malamai da akawuna shi ne, in akwai yaro a unguwarku wanda ya daina amsa kira bayan sanƙarau ko ƙyanda, ku gaya wa ubansa dokar naƙasassu ta 2019 ta ba ɗansa ilmi kyauta har sakandare. In kuwa wayarku na zaune da hantsi, ku ara masa ita sa'a guda.

Wassalam.

Naka,
Malamin Kurame, Kano.