Wasiƙa Daga Zamalek: Kafin Ku Taso Da Umma

Zamalek, Alƙahira

Assalamu alaikum ƙanina,

Yaya jikin Umma? Allah ya ƙara sauƙi. Saƙonka ya iso, na ga lissafin tafiyar da ka yi, har da kuɗin da ka ware don ɗaukar shatar mota da direba na tsawon makonnin da za a yi ana duba idon nata. A kan wannan kuɗin nake so mu yi magana. Ranar da za a yi mata aiki da ranakun komawa ganin likita, ban yarda a sa Umma cikin turmutsutsu ba. Mota za mu kira ta ɗauke ta daga ƙofar gida. Amma sauran zirga-zirgarka, sayo magani, karɓo sakamakon gwaji, zuwa Azhar, raka matarka kasuwa, babu wadda take buƙatar shata. Abin yana ci mini rai in ga 'yan uwanmu sun zo jinya garin nan, kuɗin mota ya cinye abin da suka tanada don magani, kawai don tun daga filin jirgi wani ya tsorata su cewa baƙo ba ya iya Alƙahira shi kaɗai. Yana iyawa sarai, in an nuna masa hanya.

Ka fara sanin inda za ku sauka. Zamalek tsibiri ne a tsakiyar Kogin Nilu, unguwa mai bishiyoyi da ofisoshin jakadanci, har da na Najeriya a titin Gabalaya. Duk wanda zai shiga ko zai fita a mota sai ya hau gada, gadojin kuwa, musamman ta 6 ga Oktoba da ta 15 ga Mayu, su ne maƙogwaron birnin. Da la'asar sai ka hango inda za ka a tsallaken ruwa, amma motarku ta kasa gaba ta kasa baya. Sauƙin ya zo mana a watan Oktoban 2022, lokacin da aka buɗe tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa a cikin unguwar, a titin Isma'il Muhammad. Sunanta Safa Hijazi, sunan wata fitacciyar ma'aikaciyar talabijin da ta rasu. Ka riƙe sunan nan, don shi za ka nema a jikin allo duk sa'ad da za ka dawo gida.

Metiro, kamar yadda kowa yake kiransa a nan, ya fara aiki a 1987, shi ne na farko a Afirka. Layi uku ne. Namu shi ne na uku, mafi sabunta, mai sanyi a ciki, da lif da matakala mai tafiya da kanta. A bakin shiga za ka ɗora jakarka a na'urar bincike, ka je taga ka faɗi sunan tashar da za ka, ka biya. Kuɗin ya danganta da yawan tashoshin da za ka wuce, ana kuma ƙara shi lokaci zuwa lokaci, amma ko mafi tsadarsa bai kama ƙafar kuɗin tasi ba. Tikitin ɗan ƙaramin kwali ne, za ka zura shi a ƙofar ƙarfe ya ɓullo ta gaba. Ka ɗauke shi ka adana a aljihun gaba, domin da shi za ka fita a can. Tun da za ku daɗe, zan saya maka kati na dindindin da ake zuba wa kuɗi, ka huta da bin layi.

Abin da yake rikita baƙo shi ne gefen da zai tsaya. Ba a rubuta gabas ko yamma, sunan tashar ƙarshe ake rubutawa. Daga Safa Hijazi, in cikin gari za ka, ka bi allon da ya ce Adli Mansur. Tasha ta farko Masbiro, ta biyu Nasir, ta uku Ataba, ta huɗu Babu Sha'ariyya. Daga waɗannan biyun na ƙarshe ake kama hanyar Azhar da masallacin Husaini da kasuwar Khan Khalili, tafiyar ƙafa ce ga mai ƙarfi, ko ɗan gajeren hawan mota. In ka ci gaba za ka isa Abbasiyya, inda mazaunin ɗaliban Azhar na ƙasashen waje yake. A can za ka ji Hausa ta ko'ina, ka samu masu yi maka jagora ba ko sisi. In ka sauka a Nasir ka canza zuwa layi na ɗaya ta ɓangaren Helwan, za ka bi ta Sadat, wato dandalin Tahrir, da Sayyida Zainab, har Mar Girgis, inda za ka taka kaɗan zuwa masallacin Amru ɗan Asi, masallaci na farko da aka gina a Masar. Ina so Umma ta yi salla a cikinsa in ido ya warware. Dalar Giza kuwa metiro bai kai ba tukuna: a tashar Giza ta layi na biyu ake sauka a nemi mota. Filin jirgin sama ma haka, shi ya sa ni zan zo tarbarku.

Ka gaya wa matarka ta kwantar da hankalinta. A tsakiyar kowane jirgi akwai tarago biyu na mata zalla, da alama a kan dandamali daidai inda suke tsayawa. Mace tana da ikon shiga kowane tarago, namiji ne aka hana shiga nasu, ana kuma cin tara. In kuna tare, ku yi shawarar tashar sauka tun kafin jirgi ya iso, kowa ya ƙirga tashoshi. Ƙofa ba ta jiran kowa, don haka ka matso kusa da ita tun ana saura tasha ɗaya. Ka guji safiya lokacin fita aiki da kuma bayan azahar zuwa magariba. Ka kuma tuna a nan Juma'a da Asabar ne hutu, Lahadi ranar aiki ce tsaf. Safiyar Juma'a kuwa titunan fayau suke, ita ce lokacin zagaya gari da tsohuwa.

Inda metiro bai kai ba, ƙananan bas farare ne suke cike giɓin. Na fi son ka ɗan kwana biyu kafin ka fara hawansu, amma ka san yadda suke. Yawancinsu ba su da kwandasta. Mota tana tashi, na kujerar baya zai taɓa kafaɗar na gabansa ya miƙa masa kuɗi, ya faɗi na mutum nawa ne, shi ma ya haɗa da nasa ya miƙa gaba, har kuɗin ya isa hannun direba ko wanda yake zaune kusa da shi. Canji ya biyo ta wannan hanyar ya dawo, hannu zuwa hannu, ya iske mai shi. In kujerar bayan direba ka samu, to kai ne ma'aji, sai ka natsu da lissafi. Ka riƙa yawo da ƙananan kuɗi. In za ka sauka ka ɗaga murya ka ce "ala gamb ya usta", zai raɓa gefe. Kafin ka shiga, ka faɗi sunan unguwar ka ga ya gyaɗa kai. Karatun allonmu zai yi maka rana a nan: lambar bas, lambar kujera, lambar jikin motar da ka kira ta Uber ko inDrive, duk da alƙaluman Larabci ake rubuta su. Ka zauna ka maimaita su kafin ku taso. Farar tasi kuma, in direba ya ƙi kunna mita, ka sauka tun ba a tashi ba, wata tana baya.

Sai maganar fita wajen gari, tun da ka ce kana so ku ga Iskandariyya. Ka dubi taswirar Masar, za ka ga mutanen ƙasar kusan duka a bakin Nilu suke, sauran hamada ce. Inda kogi ya bi, dogo ya bi, can ka hau jirgin ƙasa. Inda kogi bai je ba, galibi sai bas. Da wannan kaɗai za ka iya tsara kowace tafiya.

Jirgin ƙasa tsohon abu ne a wurinsu. Layin Iskandariyya zuwa Alƙahira ya kammala a 1856, shekara hamsin da biyar kafin dogo ya iso Kano a 1911. Babbar tashar tana dandalin Ramsis. Daga gida ka hau metiro zuwa Ataba, ka canza zuwa layi na biyu ta ɓangaren Shubra, tasha ɗaya ka sauka a Shuhada. Har 2011 sunanta Mubarak, jama'a kuwa Ramsis kawai suke cewa. Dandalin nan kamar Kantin Kwari yake a jajibirin Salla, don haka ka riƙe jakarka a gaba, kada ka miƙa kayanka ga wanda bai sa rigar aiki ba, kada kuma ka sayi tikiti a hannun kowa in ba a taga ba. Tun ƙarshen 2022 baƙi suna da nasu farashin daban, ya fi na 'yan ƙasa nesa ba kusa ba, sai ka tafi da fasfo ka sa wannan a lissafinka. Ka saya tun ana saura kwana biyu ko uku, musamman na yammacin Alhamis ko gab da Salla.

Iskandariyya ta ɗan haura kilomita 200, jirgi mai sauri yana yi cikin awa biyu da rabi zuwa uku. Ku ɗauki daraja ta ɗaya ko ta biyu mai sanyi, kowa da lambar taragonsa da ta kujerarsa. Akwai sabbin jirage ƙirar Talgo na ƙasar Sifen, sun fi tsada, sun kuma fi dacewa da mai jinya. Ta taga za ku ga gonaki kore shar, da magudanan ruwa, da manoma a kan jakuna, ku wuce Banha da Tanta, garin Sayyid Ahmad Badawi, da Damanhur. Mai shayi yana kai da komo a tsakanin kujeru. Ku tafi da bargo ko mayafi mai kauri saboda Umma, don sanyin cikin taragon yana shiga ƙashi ko da bazara ne. Ku yi alwala tun a ƙasa, masallacin Fatahu yana nan a dandalin. A Iskandariyya tasha biyu ce: Sidi Gabir ta farko, sai Mahaɗɗat Misr ta ƙarshe a tsakiyar gari. Ka tambayi masaukinku wadda ta fi kusa da su.

Kudu, wato Luksor da Aswan, tafiya ce ta gaske: kimanin awa goma zuwa Luksor, Aswan kuma ƙarin awa uku ko fiye. Akwai jirgin dare mai ɗakunan kwana, gado biyu sama da ƙasa, da abinci. A Oktoban 2024 an buɗe sabuwar babbar tasha a Bashtil da ke Giza saboda jiragen kudu, don haka ka karanta sunan tashar tashi a jikin tikitinka da kyau, kada ka je Ramsis jirginka yana can. A ganina wannan tafiyar ba ta Umma ba ce a bana.

Bas na dogon zango shi ne na bakin Bahar Maliya da Sina'i, irin su Hurgada da Sharm Sheikh da Dahab. Kamfanin Go Bus yana lodi a dandalin Abdul Mun'im Riyad, bayan gidan tarihi na Tahrir, gada ɗaya tsakaninmu da shi; wasu kamfanonin suna tashar Turguman. Da lokaci suke tashi, ba sai mota ta cika ba, kujera ma da lamba. Hanyar Sina'i tana bi ta ramin Ahmad Hamdi a ƙarƙashin mashigin Suwes, da shingayen bincike inda ake duba fasfo, wani lokacin har a sauke kaya. Fasfonka ya kasance a jikinka, ba a cikin akwatin da ke ƙasan mota ba, bizarku kuma ta kasance da sauran kwana.

Kada agogo ya ruɗe ku: daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Oktoba Masar tana gaban Najeriya da awa biyu, sauran watanni da awa ɗaya. Kuɗin shatar nan ka rage shi zuwa na ranakun asibiti, ragowar ka ƙara a na magani. Ka turo mini rana da lambar jirginku da zarar ka yanki tikiti, ka kuma haɗo duk takardun gwajin da aka yi mata a gida.

Ka gaishe mini da Umma da kyau, ka ce ina neman addu'arta. Ka gai da matarka da yara da duk mutanen gida.

Wassalam,
Yayanka