Rabin Ƙwaya

Kakata ba ta taɓa raɗa wa kyanwarta suna ba. Mussa kawai take ce mata, kamar yadda tsofaffin wajenmu suke faɗi, amma shekara shida babu ɓeran da ya yi gigin kusantar rumbunta a Tsafe.

Ranar da na dawo daga Gusau da shaidar kammala digiri, na iske Mussa kwance ƙarƙashin gado, kwana biyu ba ta lashi komai ba. Na taɓa kunnenta, na ji zafi zau.

"Maigida," in ji Inna, "kai ne ka yi boko. Duba mini ita."

Maganar ta fasa mini kai. Na yi lissafi irin na wanda ya sha karatu: ana ba jariri farasitamol in zazzaɓi ya kama shi, kyanwa kuwa ba ta wuce jariri nauyi ba. Bayan azahar na raba ƙwaya mai miligiram 500 gida biyu, na niƙa rabi cikin nono, na ɗura mata.

Sai bayan isha'i na kira wani abokina ɗan Bunguɗu da ya karanta likitancin dabbobi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato. Ba shawara na kira nema ba, yabo nake so. Ya yi shiru, sannan ya ce in haska dasashinta. Na haska. Ya rine ya koma ruwan ƙasa.

A daren nan na koyi abin da shekara huɗu ba su koya mini ba. Hantar mutum tana da sinadarin da ke sarrafa farasitamol ta fitar da shi, ta kyanwa kuwa ba ta da isasshensa. Sai maganin ya rikiɗe ya zama guba, ya lalata jini har ya kasa ɗaukar iskar da ake shaƙa. Miligiram 10 a kan kowane kilo yana iya yi mata illa. Mussa ba ta fi kilo 3 ba, ni kuwa na ba ta 250. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, zafin jikin lafiyayyar kyanwa yakan kai awo 38 zuwa 39, sama da na mutum. Mai yiwuwa zafin da tafin hannuna ya ji ba zazzaɓi ba ne ma.

Akwai makari, in ji shi, in an hanzarta kai ta wurin likitan dabbobi. To, amma wa zai hau hanyar Gusau da dare a wannan zamani? Na kwana zaune ina sauraren numfashinta yana fita da ƙyar, fuskarta tana kumbura.

Da sassafe na sa ta a kwali na shiga motar farko. Muna daidai dutsen Kwatarkwashi na ji motsin da ke kan cinyata ya tsaya. Ban ce wa direba komai ba. Na sauka a Gusau, na tsallaka titi, na hau motar komawa.

Inna ta ce kwananta ne ya ƙare. Da na so, da maganar ta tsaya nan. Sai da na yi kwana uku kafin na durƙusa gabanta na faɗa mata abin da ke cikin nonon. Ta daɗe tana duban ƙasa.

"Ai ni na ce ka duba ta," ta ce. Ta miƙe, ta ɗauke ledar magungunan daga bakin taga, ta sa a kwalla, ta rufe.