Jif ɗin Soja a Hannun Farar Hula

Duk wanda ya ji an ce mutum ya kashe shekara uku, da kuɗin da za su sayi sababbin babura biyu, a kan motar da ta girme shi, abin da zai fara zo masa a rai shi ne ko dai kuɗi sun yi wa mutumin yawa, ko kuma akwai abin da ya taɓa shi a ka. Ni dai malamin makaranta ne a Damagaram, kowa kuma ya san albashin malami, saboda haka zargi na farko bai hau kaina ba. Na biyun kuwa na bar wa mai karatu ya yanke hukunci.

Motar da nake magana a kanta Jif ce ta sojan Faransa, samfurin da ake kira Hotchkiss M201. A jikin ƴar farantin ƙarfen da ke gaban kujerar fasinja an buga 1962. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, shi ya saye ta a gwanjo tun ina goye, ya yi ta jigilar gyaɗa da gero da ita tsakanin gonarsa da gari har ƙarfinsa ya ƙare. Daga nan ta zauna ƙarƙashin wata rumfar kwano shekara ashirin da wani abu, kaji na ƙwai a kan kujerunta. Da Allah ya yi masa rasuwa aka zo rabon gado, sai ga masu sayen tsohon ƙarfe da sikelinsu. Motar ba ta wuce tan ɗaya da ƴan kai ba, kuma da kilo za su biya. Na roƙi magada su ba ni wata biyu, na biya su abin da mai sikeli ya yi tayi har da ɗan ƙari, muka ɗaura mata igiya, shanu biyu suka ja ta zuwa gareji.

Wanda bai san asalin wannan mota ba zai ɗauka ƙirar Faransa ce. Ƙirar Amurka ce ta zamanin Yaƙin Duniya na Biyu. Kamfanonin Willys da Ford suka ƙera ta daga 1941 zuwa 1945, su biyun suka fitar da sama da dubu 600. Bayan yaƙi sojan Faransa ya gaji dubbai daga cikinsu, da suka fara tsufa kuma sai kamfanin Hotchkiss ya karɓi izinin ƙera irinta a kusa da birnin Paris. Daga 1955 zuwa 1966 ya yi sama da dubu 27, da yawansu kuma sun yi yaƙin Aljeriya. Sai a shekarun 1980 Peugeot P4 ta fara karɓar aikinta.

Mutumin da ya tayar da ita wani dattijo ne da ya haura saba'in, wanda garejinsa ke bayan unguwar Zango. Kowa Baba yake ce masa, ni ma haka. Ranar da aka kai ta bai ko buɗe bonet ba, sai ya shimfiɗa buhu ya kwanta a ƙarƙashinta da ƴar guduma, yana bin shasi yana ƙwanƙwasawa kamar mai zaɓen tukunya a kasuwa. Da ya fito ya karkaɗe rigarsa ya ce, "Malam, ƙashinta lafiya lau. In ƙashi na nan, nama mai sauƙi ne." A nan ƙasarmu ta yi mana rana. A Turai abin da ke kashe waɗannan motoci tsatsa ce, saboda damshi da gishirin da suke zubawa a hanya lokacin ƙanƙara. Mu kuwa busasshiyar iskarmu ta adana ƙarfen. Abin da ya ci mu gara ce. A ƙarƙashin daɓen motar akwai wasu ƙarafa masu kama da kwararo da aka cusa wa katako don ƙarin ƙarfi, gara ta bi ta cinye katakon tas ta bar ƙasa a madadinsa. Sai da mai walda ya farke su ɗaya bayan ɗaya, muka sa sabon katako da aka jiƙa da baƙin mai.

Injin shi ne abin da ya fi ba ni sha'awa, shi ne kuma ya sa nake wannan rubutu. Silinda huɗu ne, lita 2.2, ƙarfin doki 60 kacal. Bawul ɗinsa a gefe suke, cikin jikin injin, saboda haka kan injin faffaɗan ƙarfe ne kawai mai ramukan fulogi huɗu, wato abin da mu nan muke ce wa buji. Yaro ɗan shekara goma sha biyar zai iya kwance shi ya ɗaga da hannu. Fistin biyu sun kafe saboda daɗewa, Baba ya zuba musu kananzir gauraye da baƙin mai, ya ce mu tafi mu dawo bayan sati biyu. Kullum da safe sai ya ɗora guntun icce a kan fistin ya ɗan buga sau uku, ya ƙara mai, ya koma harkarsa. Na so a yi sauri, shi kuwa ko a jikinsa. Rana ta goma sha ɗaya suka motsa.

Babu kwamfuta a cikinta, babu wani akwatin da aka liƙe da za a ce sai an kai Yamai ko Kano an jona masa na'ura kafin a san ciwonsa. In ta ƙi tashi, abu biyu ne: ko wuta ba ta zuwa, ko mai ba ya zuwa. Ka zare wayar fulogi ka kusantar da ita jikin inji, in ka ga tartsatsi shuɗi to wuta lafiya, sai ka koma wajen famfon mai da kafireto. Silindojin suna kama wuta ne a jere 1, 3, 4, 2, wannan shi ne karatun farko da Baba ya sa na haddace. Matatar iskarta ma ba ta takarda ba ce irin ta motocin yanzu da ake jefarwa. Kwano ne da ake zuba wa baƙin mai, iska ta bi ta kansa, ƙura ta maƙale a ciki. Lokacin hunturu, in buji ya turnuƙe gari har ba a ganin hasumiyar masallaci (ga wata buji kuma, ta ƙura, kada a rikita da ta inji), duk ranar Juma'a nake kwance kwanon in zubar da taɓon da ya taru, in wanke da kananzir, in zuba sabon mai. Aikin minti goma ne. Wanda ya tsara wannan abu bai san Damagaram ba, amma kamar don mu ya yi shi.

Inda muka sha wuya wajen wuta ne. Waɗanda aka ƙera a shekarun 1960 wutarsu bolt 24 ce, batir biyu, kuma fulogin da wayoyinsu an lulluɓe su da ƙarfe don kada su dami rediyon soja. Na aika Kasuwar Dole, na je Ƙofar Ruwa a Kano da kaina har sau biyu, ban sami irin wannan fulogi ba. Mai shago ɗaya ya juya tsohon da na kai masa ya ce, "Alhaji, wannan na jirgin sama ne?" Ana samunsu a Faransa, amma kuɗin guda huɗu da na aikowa ya kusa rabin albashina, kuma ranar da ɗaya ya mutu a daji fa? Muka zauna da Baba muka yanke shawara: aka mai da ita bolt 12, batir ɗaya, aka ɗaura mata abin cajin batir na tsohuwar Peugeot 504, da kwayil da fulogi na gama-gari da kowane mai kayan mota a Mirya ko Matamaye yake da su a kwali. Tsofaffin kayan na nannaɗe su a buhu na ajiye a ɗaki.

Akwai wani Bafaranshe mai tara irin waɗannan motoci da muke musayar saƙo ta WhatsApp. Mutumin kirki ne, shi ya turo mini hotunan littafin gyaranta shafi-shafi bai karɓi ko dala ba. Da ya ji abin da muka yi sai ransa ya ɓaci, ya ce na rage mata daraja, mota irin wannan a yadda ta fito daga masana'anta ake mai da ita, har launin noti. Na fahimce shi. Tasa tana kwana a ɗaki mai dumi, ana fito da ita ranar biki a zaga gari a mayar. Amma wace masana'antar? Lokacin da muke kwance tawa, mun ga wasu kusoshi da aka buga wa harafin F mai lanƙwasa, alamar Ford ta zamanin yaƙi, a gefe guda kuma ga kayan da aka buga wa WOF, alamar waɗanda aka yi a Faransa. Dalili kuwa shi ne sojan Faransa yana da wata babbar ma'aikata a La Maltournée, gabas da Paris, inda har cikin shekarun 1970 ake kwance Jif-Jif gaba ɗaya, a zuba kayan wuri guda, a gyara, a sake haɗawa da duk wanda ya zo hannu, na Willys ne, na Ford ne ko na Hotchkiss. Masu ita na farko ma ba su tsaya tambayar dangin kusa ba, abin da suke so ta tashi ta tafi. Baba bai taɓa jin sunan La Maltournée ba, amma aikinsu yake yi.

Maganar fenti ta fi wannan nauyi, kuma a kanta na fi daɗewa ina tunani. Da muka kankare bodin, a ƙarƙashin fentin kawu mun tarar da ainihin koren soja, har da inuwar lambobi a jikin bonet. Ba zan ɓoye ba, ya yi mini kyau. Bafaranshen ya turo mini lambar launin, mai fenti ya ce zai iya haɗa shi. To amma a ina zan tuƙa ta? Tun 2015 da hare-hare suka tsananta a yankin Diffa, hanyar da ta bi ta garinmu zuwa gabas cike take da shingaye, kuma jami'in da ya kwana a tsaye da bindiga bai kamata farar hula ya tunkaro shi da magariba cikin mota mai kama da ta soja ba. Wannan lissafin tsira da rai ne, kowa zai gane shi.

Ɗayan dalilin a ƙauyen su kawu na same shi. Na je da hoton motar a waya ina nuna wa tsofaffi, ina jiran su yi murna. Wani dattijo da ya kusa casa'in ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙo mini wayar ya ce, "Ɗana, mu a zamaninmu in ka ji kukan wannan ta nufo gari, wani za a tafi da shi." Bai ƙara ba, ni ma ban tambaya ba. A Turai wannan mota alamar ƴanci ce, ita ce ta shiga garuruwansu a 1944 ana jefa mata furanni. A wajen wannan tsoho kuwa motar hukuma ce. Duk gaskiya ne, amma ni a cikin mutanen tsohon nake zaune, ƙauyensu zan riƙa shiga. Na sa aka yi mata shuɗi mai haske irin na ƙofofin shaguna. Maƙalin da ke bayan gilashi, inda ake ɗora bindiga, na cire shi. Na gefe kuwa, na shebur da gatari, na bar shi, don shebur a rairayi ya fi safaya amfani.

Tuƙinta sai an koya. Giya uku ce da ribas, ta ɗaya kuma ba ta shiga sai mota ta tsaya cik ko ka iya taka kuloci sau biyu. Kusa da sandar giya akwai wasu ƙananan sanduna biyu: ɗaya tana haɗa tayoyin gaba, ɗaya tana sauko da ita giyar ƙarfi. A kan kwalta ba a haɗa na gaba, in ba haka ba ƙarafan za su riƙa murɗe juna har wani abu ya karye. Birkinta na ganga ne, ba mai taimaka wa ƙafa, sai ka fara shirin tsayawa tun kana hango jaki daga nesa. Tankin mai a ƙarƙashin kujerar direba yake, abin da ya sa uwargida ta ce ita ba za ta hau motar da mijinta ke zaune a kan fetur ba, ta kuma riƙe maganarta wata shida. A kwalta ba na wuce kilomita 60 a awa, ƴan kabu-kabu na wuce ni suna dariya. Amma a bar kwalta a shiga yashi, ko a zo bakin ƙorama da damina inda manyan kat-kat masu sanyi ke tsayawa ana shawara, sai in rage iskar taya, in ja sandunan nan biyu, ta bi a hankali kamar raƙumi ta haye. Rashin nauyinta ne sirrin. Daminar bara sau huɗu ana buga mini ƙofa da dare daga ƙauyen, biyu masu naƙuda, ɗaya saran maciji, ɗaya tsoho da numfashi ya sarƙe masa.

Kulawarta ba ta ƙarewa. Wuraren giris sun fi ashirin, kuma duk wanda ka manta sai ya tuna maka da kuka. Fetur ɗin kwalba na bakin hanya ba ya shiga tankina sai ta cikin tsumma, na kuma ƙara ƴar matata kafin kafireto. Tana ɗigar da mai kaɗan a inda ta kwana. Baba ya ce ranar da ta daina ɗiga in duba, mai ne ya ƙare.

Abin da ke damuna yanzu idon Baba ne, ya fara raunana. Yaran garejin duk sun fi son motocin zamani, in ka ce su daidaita tazarar kwantak da ido da kunne sai su dube ka. Akwai ɗaya dai, jikansa na wajen ƴa, ɗan shekara goma sha shida, wanda na lura in ana aikin Jif ɗin ba ya matsawa. Na yi magana da kakan, muka shirya duk ranar Asabar in kai ta, ko ba abin da ya same ta, yaron ya kwance abu ɗaya ya mayar, tsohon na zaune a kan benci yana faɗa masa. Satin da ya wuce kafireto ne. Wannan satin giya ta biyu za mu duba, don ta fara fita da kanta in ana gangara, kuma Baba ya ce tun kafin a buɗe ya san wane zobe ne ya cinye.